Goggo Sabuwa da Baƙonta Mai Dogon Kunne

Duk wanda zai shiga gidan Goggo Sabuwa a unguwar Rumde yau, sai an caje shi a zaure. Ba wuƙa ake nema ba. Biskit ake nema, da alawa, da guntun biredi, da goro. Ita da kanta take cajin, tana zaune a kujera 'yar tsugunno da muciya a gefenta, ta sa yaro ya juyo aljihunsa waje. In an samu abu, a ajiye a faifai, in za ka fita ka ɗauki kayanka. Manya ma ba su tsira ba. Da idona na ga ranar da ta sa ladanin unguwarmu ya bar goronsa a zaure kafin ya shiga gaishe ta, yana ta faman rantsuwa cewa shi bai taɓa yi wa zomo tayin goro ba a rayuwarsa.

Zomaye ne a gidan, shi ne dalilin. Kuma abin dariyar, wannan matar da ke tsare ƙofa saboda kada a ba dabba abinci, ita ce a dā ba ta da aiki a duniya sai ɗura wa mutane abinci.

Ni Zulfa ce, 'yar ƙaninta. A hannunta na tashi, a barandarta nake da keken ɗinkina har yau, don haka ba labari aka ba ni ba. An haifi Goggo a cikin tsohon garin Yola, aure ya kawo ta Jimeta. Mijinta, Bappa Bobboyi, ya rasu tun ina ƙarama, ya bar mata gida mai ɗakuna da yawa da babu kowa a ciki. Sana'arta sayar da dakkere, wato dambun gero irin na Fulani, da kindirmo. Da hantsi za ka ga masu keke da ma'aikatan sakatariya sun yi layi da kwanuka, tana zuba musu tana yi musu faɗa wai sun rame, matansu ba sa kula da su. Bayan salla da azumi, babu abin da Goggo ta ɗauka da girma kamar a ce baƙo ya fita gidanta da ƙiba.

Sai dai baƙo a wurinmu ba ya cin abinci haka kawai. Mu tarbiyyar Yola, ko cikinka na kukan yunwa, in an kawo maka tuwo cewa za ka yi ka ƙoshi. Fulako kenan. Mai gida kuma ta san karatun: za ta ajiye kwanon, ta kori yara, ta ja ƙofa, ta yi nisa, don ka ci babu ido a kanka. In ta dawo ta tarar ba ka taɓa ba, ba za ta ji haushi ba, sai ma ka ƙara daraja a idonta, ta ce wannan ɗan asali ne, ta ƙaro wani kwanon ta sake jan ƙofa. Goggo ta kai wannan al'ada inda masu ita ma ba su kai ta ba. Akwai wani surukinmu da ya cinye tuwonta tas a zuwan farko, har yau ba ta kiran sunansa sai dai ta ce "mai cikin nan".

A shekarar da Michika ta faɗi hannun 'yan Boko Haram, Mubi ta biyo baya, Yola ta cika ta batse. Mutane a makarantu, a coci-coci, a masallatai, a gindin bishiya. Duk mai ɗaki ya buɗe. Goggo kuwa abin nema ya samu, ɗakunan Bappa Bobboyi duka ta share, ta ɗora babbar tukunya. A cikin waɗanda suka sauka wurinmu akwai wata mata 'yar Michika, Selina, doguwa, marar yawan magana. Kowa ya iso da ƙunshin tufafi ko tabarma. Ita kwando ta riƙo, a cikinsa farin zomo mai baƙin kunne ɗaya.

Sai da ta kwana biyu ta ba mu labarinsa. Zomon na ɗanta ne, Hosea, shi kaɗai gare ta, yana ajin ƙarshe a sakandare. Yaro ne mai kiwon zomaye, wannan kuma shi ne ɗan lelensa, Kaftin yake ce masa. Ranar gudu sun fito tare, har sun kama hanyar dutse, sai ya tuna ya bar sauran zomayen a kulle, yunwa za ta kashe su. Ya miƙa mata kwandon ya ce ta riƙe masa Kaftin, zai buɗe musu ya dawo yanzu. Bai cim mata ba. A hanya an sha ce mata ta yar da kwandon, da yunwa ta yi yunwa har aka ce a yanka a gasa wa yara, ta ƙi. Tana gaya mana tana shafa kunnen zomon, ta ce mana a fili, ita a ranta muddin Kaftin yana numfashi, Hosea ma yana numfashi a wani wuri.

Goggo ta yi mata faɗa, ta ce rai a hannun Allah yake, ba a hancin zomo ba. Amma daga ranar ta daina ce masa "dabban nan". Ta koma kiransa Koɗo, wato baƙo da Fillanci.

Abu ɗaya ne ya hana Goggo sakat. Kullum da safe Selina za ta fita ta yago ciyawa da ganyen dankali ta zube wa zomon. Goggo na kallo, ranta na ɓaci. Ta same ni a keken ɗinki ta ce in duba mata wannan abin kunya, a ce baƙo a gidan Sabuwa yana cin ciyawa, ga kindirmo har yana tsami. In labari ya kai cikin Yola, da wane ido za ta kalli danginta? Ta yi wa Selina tayi ya fi a ƙirga. Ita kuma ba ta da hujja sai cewa haka ta ga Hosea yana yi. Goggo ta ce yaro ne, talauci ne ya sa shi.

Ana nan sai aka ji wasu 'yan Michika da suka ɓullo ta Kamaru sun sauka wajen garin Ngurore, kusa da Yola. Selina ta shirya za ta je ta duba ko da ɗanta a ciki. Ba a shiga mota da kwandon zomo a wannan cunkoson, dole ta bar shi. Ta tara masa ciyawa, ta durƙusa gaban Goggo, wadda take kira Dada, wato uwa da Fillanci.

"Dada, amana. Ba ni da kowa sai shi."

"Je ki, Maman Hosea," in ji Goggo. "Ki dawo ki ga yadda ake riƙon baƙo."

Ko kwanar layinmu Selina ba ta sha ba, Goggo ta kwashe ciyawar nan ta watsa wa akuyar maƙwabciyarmu, Inna Kaltume. Ta share ɗakin baƙi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, aka kai Koɗo ciki. Sannan aka fara hidima. Dakkere da kindirmo da sukari. Biredi da aka jiƙa a shayi mai madara. Ƙosai mai albasa. Matan unguwa suka ji labari suka zo kallo, kuma wa zai zo gaida baƙo hannu biyu? Wannan ta kawo cincin, waccan ta kawo biskit, yara suka kawo alawa. Babu wanda ya san illar abin a cikinmu, dariya kawai muke. Shi kuma ɗan banzan, da yake zomo ba ya ƙin zaƙi, ya hau biredi da biskit yana motsa hancin nan, ya lashi kindirmo har gemunsa ya yi fari. Goggo ta tafa hannu ta ce kun gani, dama yunwa ce ke cinsa. Da aka gama, ta ɓare farin goro ta ajiye masa ɓari ɗaya, domin ba a sallamar baƙo daga abinci babu goro. Ya ɗan gatsa kuwa.

Washegari aka kai masa karin kumallo, bai ko shinshina ba. Ya koma kusurwa ya takure, ido rabi a rufe.

Zo ka ga murna wurin Goggo. Ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta ce jiya gajiyar hanya ce da yunwa, yau ya gane gidan mutunci ya sauka, kunya ta kama shi. Ta kori yara daga bakin ɗakin, ta ƙaro masa waina da zuma, ta ja ƙofa a hankali. Inna Kaltume ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin zomo mai fulako ba. Goggo ta ce ai ɗan gidan tarbiyya ne, ya fi wasu surukan da ta sani. Muka yi ta shewa. Da azahar aka leƙa, bai taɓa komai ba, Goggo ta ce Allahu akbar, wannan ko a cikin Yola aka haife shi sai haka.

Bayan la'asar na ɗauki tsintsiya zan share ɗakin, sai na rasa abin sharewa. Wanda ya san zomo ya san duk inda ya zauna sai ya zuba kashinsa birjik kamar 'ya'yan carbi. Tabarmar nan fes take. Na gaya wa Goggo, ta harare ni ta ce wane baƙon kirki ne zai ɓata ɗakin masu gida? Na yi dariya, amma na koma na taɓa shi. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri, kunnuwansa sun yi sanyi, yana wani niƙa haƙora a hankali. Na ce Goggo ki zo ki ɗaga shi da kanki.

Ta ɗaga shi, kansa ya langaɓe a hannunta. Na ga fuskarta ta sauya. Ta dube ni, na dube ta, kuma na san abin da ta tuna, don ni ma shi na tuna. Tsoro ya kama mu sosai. In Selina ta dawo daga Ngurore hannu wofi ta tarar da kwando wofi, mun kashe mata ɗa a ranta, kuma da kindirmonmu muka kashe shi.

Nan da nan tsakar gida ta cika da likitoci. Wata ta ce a ɗura masa man ja ya yi amai. Wata ta ce jar kanwa. Wata ta ce madara ce maganin guba, ba ta san madarar na cikin abin da ya kayar da shi ba. Inna Kaltume, Allah ya shirye ta, ta ce a kira mai wuƙa tun kafin ya zama mushe, ko ba komai a samu romo. Da muciya Goggo ta raka ta har zaure. Ni ce na tuna da Naziha, likitar dabbobi, mai ɗan shagon magani a unguwar Ajiya, wadda tana ƙarama Goggo ta sha cika mata kwano da dakkere.

Na ɗauko kwando, Goggo ta ce marar lafiya ba ya shiga kwando. Ta sunkuya, ta sa na ɗora mata shi a baya, ta kawo zani da majanyi ta goya shi tsaf, ta yafa babban mayafi. Muka tari Keke Napep.

To, lokacin kowa a tsorace yake. Ko leda ka ajiye a kasuwa sai a watse. A hanya akwai shingen sojoji, kowa sai ya sauka ya wuce a ƙasa. Wani soja matashi ya ga tsohuwa da ƙullutu a baya, ga shi goyon bai kai girman jariri ba, kuma babu ƙafafu a gefe. Ya ɗaga hannu.

"Mama, me kika goya?"

"Baƙona ne, ba shi da lafiya. Matsa min."

Mutanen da ke bayanmu suka fara ja da baya. Mai kekenmu ya tuna yana da uzuri a wani wuri. Sojan ya ce ta yaye mayafin, ta ce iska za ta buge shi. Ni ina ta rantse-rantse, babu mai saurarona. Ana cikin haka sai ga baƙin kunne ɗaya ya zuro ta saman majanyi, ya tsaya, ya sake langaɓewa. Sojan ya ƙura masa ido. Ya kira ɗan'uwansa da Turancin Buroka ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka kawo shi Adamawa. Suka yi dariya har ɗaya ya dafa buhun yashi. Goggo ko a jikinta, ta ce in sun gama haƙoransu su sama mata abin hawa. Wallahi su suka tare mana wani keken, suka tsayar da motoci muka wuce.

Naziha ta kwance goyon, ta kwantar da shi a tebur, ta latsa cikinsa, ta sa abin sauraro ta daɗe tana ji. Ta tambayi abin da ya ci. Goggo ta fara lissafi da ƙarfinta, da alfahari ma, dakkere, kindirmo na safe ba kwantai ba, biredi, shayi. Tana faɗa tana kallon fuskar Naziha, muryarta na raguwa. Da ta zo kan goro sai da aka matso aka ji.

Yarinyar nan ba ta yi mata dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce zomo ba ya amai, haka aka halicce shi, duk abin da ya haɗiya sai dai ya bi ta ƙasa, da an ɗura masa man jan da na ce mata an so a ba shi, da ya shaƙe a hannunmu. Ta ce cikinsa kamar injin niƙa ne da ba a kashewa, ciyawa ce ke juya shi dare da rana. Nono da biredi da sukari suna tsayar da shi cak, iska ta taru, ciwo ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da cikin. Albasa guba ce gare shi, goro kuma yana sa zuciyarsa gudu.

Goggo ta ce amma ai da kansa ya ƙi ci, ita ta ɗauka kunya ce.

"Goggo, zomo ba shi da fulako. In ya ƙi ci daga safe zuwa yamma, mutuwa yake yi. Lokacin ne ba a barinsa shi kaɗai."

Goggo ta dubi Koɗo a kan tebur. Can ta ce, "Wato ciyawar nan ita ce girmamawar?"

"Ita ce."

Ta yi masa allurar rage ciwo, ta sa masa ruwa a ƙarƙashin fata. Ta ba mu sirinji marar allura, ta ce a niƙa ɗanyar ciyawa da ruwa ta yi laushi a riƙa ɗiga masa ta gefen baki kaɗan-kaɗan, a shafa cikinsa a hankali, a ɗumama shi, a lallaɓa shi ya ɗan taka. Ta ce ba ta yi alkawari ba. In ya yi kashi, ya tsira.

Muka dawo, babu ko tsinken ciyawa a gidan. Goggo, wadda ta raka Inna Kaltume da muciya, ita ce ta je ƙofarta ta yi sallama da murya mai taushi, tana roƙon abin da akuya ta rage. Kaltume ta ja mata rai iya ja, sannan ta ba ta, har ta biyo ta da garwashi a kasko don ɗumama ɗakin. Dutsen niƙan da Goggo ba ta yarda ko barkono ya hau ba, a kansa ta niƙa ciyawa. Aka fitar da waina da zuma. Ta zauna a tabarma ta ɗora Koɗo a cinya, tana ɗiga masa koren ruwan nan tana ba shi haƙuri da Fillanci. Kasuwar dakkere ba ta ci ba washegari, masu layi suka koma da kwanukansu.

Da hantsi ina kan keken ɗinki, sai na ji guɗa ta tsage gidan. Goggo ce, matar da ko a bikina ba ta yi guɗa ba wai ba girmanta ba ne. Ta fito daga ɗakin ɗankwali a hannu ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule. Matan unguwa suka ɗungumo. Ta buɗe tafinta: 'yan ƙananan kashin zomo, busassu, a ƙanƙance. Kaltume ta karɓi guɗar, wata ta kifa ƙwarya ta fara kiɗa, yara suka shiga tsalle ba su ma san dalili ba. Goggo tana zagaye tana nuna wa kowa, tana cewa ku duba da kyau, nasa ne.

Daidai lokacin Selina ta shawo kwanar layinmu. Ba ta samu kowa a Ngurore ba. Ta ji guɗa da kiɗa daga gidan da ta sauka, kuma a duniya abu ɗaya ne ta san zai sa a yi mata guɗa. Ta watsar da takalmanta ta shigo da gudu tana kiran sunan Hosea.

Ƙwarya ta yi shiru. Ban taɓa jin tausayi ya kama ni kamar na ranar ba. Tana duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, tana leƙa bayanmu. Goggo na tsaye da kashin zomo a hannu. Ba ta ɓoye komai ba, ta faɗa mata tun daga ciyawar da aka ba akuya har goyo da sojoji. Selina ta zauna a ƙasa daɓas. Da aka zo kan kunnen da ya zuro, sai kafaɗunta suka fara rawa, ta fashe da dariya, hawaye na zuba, mu ma muka kama, babu wanda ya san inda dariya ta tsaya kuka ya fara. Na ɗauko mata Kaftin. Ta zaro ganyen dankali daga ƙullin da ta yago masa a hanya, ta miƙa. Ya shinshina, ya ja, ya fara ci.

"Ya ci, Dada," in ji ta. "Ya ci."

Daga ranar Goggo ta zama abin da ta zama. Ta sayi lauje. Ta san inda ciyawa mai kyau take a bakin Binuwai, kuma ba ta yanka a gefen gonar da aka yi wa feshi ko bakin titi. Da kaka ta tara harawar gyaɗa a rufin ɗaki. Ganyen dankali da ɗan zogale, karas sai ranar Juma'a kuma ɗan yanki, ruwa mai tsabta kullum, sabon ganye kuma kaɗan ake fara ba su a ga yadda ciki zai karɓa. Yaran unguwa sun haddace abin da ba a ba zomo kamar karatun allo, in ta ɗaga muciya su rera: ban da albasa, ban da fiya, ban da ganyen rogo da na tumatir, ban da cin-da-zugu. Ta sa an sare zaƙamin da ya fito bayan katanga. Naziha ta kawo mace aka yi wa Kaftin aure, jikokin jikokinsa ne suka cika gidan yanzu. Shi Kaftin sai da ya tsufa tukuf sannan ya mutu. Duk wanda zomonsa ya ƙi ci a Rumde wurin Goggo yake fara zuwa, ita kuma ba ta ba da magani, tambaya ɗaya take yi, yaushe rabonsa da kashi, sannan ta kora shi Ajiya da gudu.

Hosea kuwa ya dawo da bazarar da ta biyo bayan rashin lafiyar Kaftin. Wani direban babbar mota ne ya kawo shi har ƙofar gida, ya tsince shi a kan iyaka yana tambayar mutanen Michika, aka yi ta yi musu kwatance har gidanmu. Ranar an yi guɗa ta gaskiya, Selina ta faɗi ta tashi, ta taɓa fuskarsa ta sake taɓawa. Amma yaron da ya shigo ƙashi ne da fata, idonsa a ƙasa, in an yi magana da ƙarfi sai ya zabura. Bai faɗi inda ya kasance ba, ba mu tambaya ba.

Kafin la'asar ɗakin baƙi ya cika da kwanuka. Tuwon shinkafa, kaza, waina, dakkere, kowace mace a layin ta aiko. Aka zaunar da shi a sabuwar tabarma. Ya dubi kwanukan ya ce ya ƙoshi. Uwarsa ta roƙe shi, ya kau da kai. Inna Kaltume ta ce kunya ce, saurayi ne a gidan mutane, a fito a ja masa ƙofa zai ci. Muka fito. Goggo ce ta ƙarshe, har ta kama ƙofar ta fara ja.

Sai ta tsaya. Ta daɗe tana kallonsa, yana takure a kusurwa, gwiwa a ƙirji. Ta sake tura ƙofar ta buɗe ta gaba ɗaya. Ta ce in kwashe kwanukan nan duka, in dama kunu marar kauri a ƙaramin kofi, in kawo Kaftin da ganyen dankali. Na kawo. Goggo, da tun da aka haife ta ba ta taɓa zama gaban baƙo namiji yana cin abinci ba, ta naɗe ƙafa a tabarma kusa da shi. Ta ajiye zomon a cinyarsa, ta sa masa ganye a hannu.

"Ɗana, ka ba shi nasa, ni in ba ka naka. Kaɗan-kaɗan. Babu inda za ni."

Kaftin ya shinshina yatsunsa, ya ja ganyen. Hosea ya kama baƙin kunnen nan ya riƙe. Goggo ta ɗebo kunu a cokali ta jira, hannunta a miƙe.

Selina tana bayan katangar ɗakin, ta kasa leƙawa. Ta riƙe bakin zanina, ta tambaye ni da raɗa ko yana ci. Na leƙa, na ga Goggo tana sake ɗebo cokali na biyu.

Na ce mata yana ci.